Kafin ka rabu da tsohuwar kwamfuta, ciro had-dis ɗinta

Sana'ata gyaran kwamfuta ce, kuma akwai wata asara da ke damuna saboda yawan ganinta da nake yi. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a watan Oktoban 2025, masu shagunan buga takardu da ofisoshin makarantu ke kawo mini kwamfutocin tebur da suka sayo daga Kano, in ɗora musu manhajoji. Idan na tambaye su ina tsohuwar kwamfutar, sai a ce tana lungu, ko an sayar wa 'yan gwangwan. A cikinta kuwa akwai sakamakon ɗalibai na shekara da shekaru, da takardun cinikin filaye, da hotunan iyali.

Mutuwar kwamfuta ba lallai ba ne mutuwar had-dis. Sau da yawa fawa ce ta ƙone, ko madabod, bayanan kuma suna nan lafiya lau. Ana iya ciro had-dis ɗin a jona wa sabuwar kwamfutar a matsayin na biyu.

Fara duba bakinsa. Idan ka ga ƙananan bakuna biyu masu siffar L, SATA ne, wanda ya shigo tun 2003: ƙaramin na bayanai, mai faɗin na wuta. Wannan bai da wahala. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, sannan ka jona wayoyin biyu. Idan kuwa ka ga dogon baki mai layi biyu na allurai, gurbi 40, da faffaɗar waya mai ruwan toka, wannan IDE ne, kuma sababbin madabod ba su da wurinsa. Sai ka nemi adafta mai mayar da shi USB. Ana samu a kantunan kayan kwamfuta na titin Beirut a Kano. Ka tabbata ta zo da tata wayar wuta, domin babban had-dis na tebur yana buƙatar bolt 12, USB kuwa bolt 5 yake bayarwa. Akwai kuma ɗan ƙaramin maɓallin roba a bayan had-dis ɗin IDE. Bi zanen da ke jikin takardar had-dis ɗin ka sa shi a gurbin masta.

Inda aka fi yin kuka shi ne bayan an kunna. Wani lokaci Windows kan fito da saƙo cewa sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi. Don Allah kada ka amsa da e. Na ga malamin da yaron shagonsa ya danna wannan wuri, takardun makaranta kaf suka ɓace daga gani, aka sha wahala kafin a ceto wasu. Saƙon na iya fitowa saboda adafta ba ta zauna daidai ba, ko wuta ba ta isa ba, ko tsarin fayilolin ya ɗan taɓu. Rufe shi, ka kashe, ka sake duba jonin. Idan kuma had-dis ɗin bai bayyana ba sam, galibi harafi ne kawai ba a ba shi ba, ana gyarawa a Disk Management cikin minti guda. In kwamfutar ta nemi tashi da tsohon Windows ɗin da ke kansa, shiga BIOS ka mayar da sabon had-dis gaba. Wanda aka kulle da BitLocker kuwa, ba ya buɗuwa sai da lambar sirrinsa.

Kasa kunne sosai. Idan kana jin ƙas-ƙas-ƙas a jere, kashe nan take. Alama ce hannun da ke karanta faifan ya samu matsala, kuma ci gaba da kunnawa na iya kankare bayanan. Kada ka buga shi, kada ka kwance murfinsa. Ƙurar hunturunmu kaɗai ta isa ta gama da shi.

Shawarata ita ce, da zarar ya buɗe, ka bi shi da maganin bairos, sannan ka kwashe abin da ke da muhimmanci zuwa sabuwar kwamfutar da kuma wani wuri dabam, a ranar, ba gobe ba. Kuma ka yi kwafin a kan UPS ko wutar sola mai tsayawa, ba lokacin da janareto ke tari ba. Had-dis ɗin da ya yi shekara goma yana juyawa cikin zafi da ɗaukewar wuta kamar tsohuwar igiyar guga ce: za ta iya jawo maka ruwa yau, amma ba a dogara da ita. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, za ta nuna maka lafiyarsa. In ta nuna rawaya ko ja, kada ka ƙara ajiye komai a kansa.

Masu sayar da tsofaffin kwamfutoci kuma, ku sani goge fayil da hannu ba ya share shi. Sunayen mutane da lambobin NIN ɗinsu da ke ciki amana ce a wuyanku. Ku cire had-dis ɗin ku riƙe, ko ku kai wa mai gyaran da kuka yarda da shi ya share shi gaba ɗaya kafin ku miƙa wa kowa.