Yadda Ake Yi wa Giyar Gangar Wiski Alƙalanci a Amurka

A Amurka akwai alƙalan da giya kaɗai suke yi wa shari'a. Mu da addini ya raba mu da ita daga nesa muke hange, amma tsarin da suka shimfiɗa wa aikin abin dubawa ne, musamman idan aka ajiye musu giyar da ake kira laga wadda ta yi watanni cikin gangar wiski.

Gangar nan tana da dalili. Dokar Amurka ta ce wiskin Bourbon, wanda aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsinsa masara ne, sai an ajiye shi a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta da wuta. Da an juye wiskin, gangar ta gama yi wa Bourbon aiki. Shi ya sa kamfanonin Bourbon na jihar Kentucky kullum suke da tulin ganguna na sayarwa, kowacce tana cin kusan lita 200. Ƙananan masu dafa giya su saya, su ɗura tasu, su toshe. Itacen ya riga ya sha wiski, sai ya riƙa amayar da shi a hankali, haɗe da nasa ƙamshin mai kama da banila da kwakwa.

Wuyar tana ga lagar kanta. Yis ɗinta a sanyi yake aiki, wajen digiri 10, kuma ba ya barin ƙamshi mai yawa, don haka ba ta da mayafin rufe aibi. Ganga mai ƙarfi tana iya haɗiye ta ɗungurungum. Saboda haka masu dabara sukan zaɓi mai kauri irin Doppelbock ta Jamus. Tambayar da alƙali ke riƙewa a zuciyarsa ita ce: har yanzu giya ce, ko ta koma tsarkin ganga?

Ranar gasar giya alƙali ba ya fesa turare, ba ya cin yaji. Kwalba ba ta ɗauke da sunan mai ita, lamba ce kawai. A gabansa akwai ruwa da biskit marar gishiri na wanke baki, da takardar maki ta ƙungiyar alƙalan giya mai suna BJCP, wadda aka kafa a 1985. Maki 50 ne jimla.

Da an zuba kaɗan a kofi, hanci ke fara aiki, domin ƙamshi ba ya jira. Maki 12 gare shi. Alƙali yakan shaƙa gajere-gajere, ya rufe bakin kofin da tafin hannu, ya ɗan juya shi, ya sake shaƙa. Yana neman ƙamshin sha'ir mai kama da gasasshen burodi, da na itacen, da na wiskin a bayansu. A nan aibi ke tona kansa. Ƙamshin man shanu alama ce ta an yi gaggawar raba giyar da yis. Warin jiƙaƙƙen kwali na nufin iska ta shige ta fiye da kima, abin da yakan faru idan ta daɗe a itace. Tsami kuwa ƙwayoyin halitta ne da suka maƙale a ramukan gangar.

Kallo maki 3 ne kacal: launi, tsabta, kumfa. Ko kumfar ta yi saurin kwanciya akan yi mata uzuri, tunda ƙarfin barasa na kashe ta.

Sai kurɓa, mai maki 20. Yakan bar ta ta zagaye baki kafin ya haɗiye. Masu ɗanɗana ruwan inabi tofarwa suke yi, amma alƙalin giya yakan haɗiye, don abin da ya rage a maƙogwaro bayan ta wuce yana cikin shari'ar. Ɗumi kaɗan a ƙirji ba laifi ba ne. Idan ta ƙona kamar an kurɓi kananzir, wiski ya yi rinjaye. Idan harshe ya ɗaure kamar an tauna ɗanyen goro, itacen ya yi yawa, kuma wannan yana shiga maki 5 na yadda take ji a baki. Alƙali mai haƙuri yakan ajiye kofin ya koma masa bayan 'yan mintoci, domin sanyi yana danne ɗanɗano, ɗumi ya sake shi.

Maki 10 na ƙarshe ra'ayinsa ne gaba ɗaya, kuma a ganina nan ne aikin ya fi amfani, don sai ya rubuta wa mai giyar gyara: a rage kwanakin ganga, ko a gauraya ta da wadda ba ta shiga itace ba. Daga nan ya gwada jimlarsa da ta abokin teburinsa. Idan tazarar ta yi faɗi su sake kurɓa, kowa ya kare hujjarsa har su kusanci juna. Wadda ta kai 45 zuwa sama ita ce fitacciya, kuma ba kasafai ake ganinta ba.