Darasin Kimiyya: Zarton Zayyana da Siririn Ruwansa

Ɗalibai, yau za mu duba ƙaramin injin yankan katako da masu sayar da kayan aiki ke kira sikirol so, mu kuwa za mu riƙa ce masa zarton zayyana. A Amurka da Jamus da Birtaniya mutane da yawa waɗanda ba kafintoci ba suna ajiye shi a gida don sha'awa, in sun taso daga aiki su yanka haruffa da kayan wasan yara da fuskar agogo da siffofin dabbobi. Abin da ya kawo shi ajinmu shi ne ruwansa, wato siririn ƙarfen da ke ɗauke da haƙora. Tsawonsa inci 5 ne, kusan santimita 13, faɗin ruwa mai lamba 5 kuwa kimanin milimita 1. Kusan duk wahalar da sabon shiga ke sha, daga karyewar ruwa har ƙonewar katako, tana da dalilinta a kimiyya. Dalilan za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Asali da yadda yake aiki

Yankan zayyana da siririn zarto ya girmi lantarki. A Faransa, André-Charles Boulle, wanda ya rasu a 1732, ya yi suna wajen ɗora farantin tagulla a kan ƙwaryar kunkurun teku, a yanka su tare, sai a sami zane biyu da yanka ɗaya. A Landan, cikin shekarun 1760, John Spilsbury mai zana taswira ya riƙa liƙa taswira a katako yana yankawa bisa iyakokin ƙasashe, domin yara su koyi labarin ƙasa ta hanyar harhaɗawa. A shekarun 1870 kamfanin Barnes da ke Rockford a jihar Ilinoi ya riƙa ƙera irin wanda ake takawa da ƙafa.

Na yau da lantarki yake aiki, amma dabarar irin ta keken ɗinki ce: juyin inji ne ake mayarwa hawa da sauka. Hannuwa biyu ne ke riƙe da ruwan, ɗaya a sama, ɗaya a ƙarƙashin tebur. Injin DeWalt DW788, alal misali, yana yin hawa da sauka daga 400 zuwa 1,750 a minti, kowace tafiya kuma kashi uku cikin huɗu na inci ce, kusan milimita 19. Haƙoran ƙasa suke kallo. A saukowa suke yanka, su danne katakon a kan tebur. Wanda ya ɗaura ruwan a kife zai ga katako yana tsalle a hannunsa.

Ɗaurin ruwa

Ƙarfe mai wannan siranta ba ya tsayawa da kansa. Jan da hannuwan biyu ke yi masa ne ke miƙar da shi, kuma a nan yawancin masu koyo suke kuskure: suna tsoron kada ya tsinke, sai su bar shi sako-sako. Alhali sakakken ruwa ya fi saurin karyewa. Ku ɗauki guntun waya ku lanƙwasa ta gaba da baya a wuri guda. Wurin zai yi ɗumi, can kuma ta karye, domin kowace lanƙwasa tana buɗe 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani. Injin da ke gudu 1,500 a minti yana lanƙwasa sakakken ruwa sau 25 a kowace daƙiƙa.

To yaya ake gane ɗauri ya yi? Da kunne. A 1636 masanin Faransa Marin Mersenne ya wallafa bincikensa kan tsirkiyar kayan kiɗa, inda ya nuna cewa in aka ninka jan tsirkiya sau huɗu, saurin karkarwarta yana ninkuwa sau biyu, sautin ya ƙara siranta. Saboda haka ana kashe inji, a fizgi ruwan da farce. In ya ba da siririn sauti mai tsabta, ya ɗauru. In sautin ya fito a dishe, a ƙara ja. Akwai kuma gwajin yatsa: in aka tura ruwan ta gefe, kada ya gota fiye da milimita 3. Sabon ruwa yakan ɗan saki bayan yankan farko, don haka a sake duba shi.

Haƙora, gari da zafi

Kowane haƙori ƙaramin kurfi ne da ke ɗebe ɗan katako, gurbin da ke tsakanin haƙora kuma shi ke kwashe garin ya fitar. In gurbin ya cika bai zubar ba, haƙori ya daina yanka, ya koma guga. Guga tana haifar da zafi. Katako kuwa ba ya watsa zafi da sauri, sai zafin ya taru a wurin yankan, gefen katakon ya yi baƙi, ƙarfen ya rasa taurinsa ya dakushe. Itacen ceri, wanda masu wannan aiki a Amurka ke so ƙwarai saboda launinsa, ya yi ƙaurin suna wajen irin wannan ƙuna.

Daga nan ne nau'o'in ruwa suka samo asali. Akwai mai giɓi, wanda aka tsallake haƙori ɗaya bayan ɗaya domin gari ya sami hanya, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai koyo. Akwai wanda 'yan haƙoransa na ƙasa suke kallon sama, su share zaren katakon da ke ɓarkewa a ƙarƙashin allo. Akwai murɗaɗɗe mai yanka ta kowace fuska, wanda ba sai an juya katako ba, sai dai yankansa yana da faɗi, kuma bin layi da shi akwai wuya. Ban so ɗalibi ya fara da shi, domin yana hana hannu koyon juyi.

Lambobin ruwan yankan katako yawanci suna tashi daga 2/0, siriri sosai, zuwa 12 na katako mai kauri. Ƙa'idar zaɓe ita ce a sami aƙalla haƙora uku cikin kaurin allo. Mu yi lissafi: allo mai kaurin rubu'in inci, wato milimita 6, da ruwa mai haƙora 12 a kowane inci, ya ba mu 12 raba 4, haƙora 3. Ya yi daidai. In allon milimita 3 ne, sai a nemi ruwa mai ƙananan haƙora, ko a haɗa alluna biyu ko uku a naɗe da salatif a yanka su tare, kamar yadda Boulle ya yanka tagulla da ƙwaryar kunkuru tare. Salatif mai haske da aka liƙa a kan zanen da ke jikin allo yana kuma rage guga, ya rage ƙuna.

Ku lura da wani abu. Tunda tafiyar ruwan milimita 19 ce kawai, haƙoran da ke daidai da tebur ne kaɗai ke aiki, na sama suna nan sababbi. Masu tattali sukan ɗora allo mai kauri a kan tebur, aikin ya ɗaga sama ya haɗu da haƙoran da ba su taɓa yanka ba.

Aikin hannu

Hannu ba ya yanka, kai katako kawai yake yi wurin haƙora. Wanda ya tura da ƙarfi yana lanƙwasa ruwan baya, wanda ya matsa ta gefe kuma zai sami yanka a karkace. In ka ga ka kauce wa layi, ka sassauta hannu, ruwan ya dawo tsaye, sannan ka juya katakon. A kusurwa mai kaifi ana dakatar da turi, a ɗan jingina katakon da bayan ruwa inda babu haƙora, a juya shi da sauri a kan yatsa ɗaya.

Yawancin ruwa suna ɗan janyewa gefe guda saboda kaushin da ƙira ta bari a ɓangare ɗaya na haƙoran, shi ya sa miƙaƙƙen layi ma sai an ɗan karkata allon. Yankan ciki kuwa, ana huda rami, a kwance kan ruwan na sama, a zura shi ta ramin, a sake ɗaurewa. A fara da ƙananan yankan ciki, a bar kewayen waje sai ƙarshe, domin allon ya kasance da sauran ƙarfi da wurin riƙo.

Ƙura da lantarki

Wannan zarto ba ya cikin masu yawan cin yatsa, amma ƙurarsa laushi gare ta, fuskar mai aiki kuma tana dab da ita. A 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji, musamman ta cikin hanci. Ƙurar iroko da ta obece, waɗanda kafintocinmu suka sani, tana iya tayar da asma. Takunkumin tace ƙura da tabarau wajibi ne kowane lokaci. Wanda kuma ya sayi injin da aka ƙera don Amurka ya duba rubutun jikinsa: wutarsu bolt 120 ce, ta Nijeriya da Nijar kuwa kusan ninkinta, sai da taransifoma.

Aikin gwaji

Kowace ƙungiya ta ɗauki guntun katako mai kaurin santimita 3. Ku ɗan yanka gefensa kimanin milimita 2, ku kashe inji. Ba tare da kun kife shi ba, ku zagayo da shi bayan ruwa, ku gwada shigar da bayan ruwan cikin tsagar. In ya shige sumul, tebur da ruwa suna kan digiri 90. In bai shiga ba, ku gyara tebur ku sake. Daga nan ku karkatar da tebur digiri 2 da gangan, ku maimaita, ku zana abin da kuka gani a littafi, ku bayyana dalilin da ya sa bambancin ruwa da tsaga ya zama digiri 4. Za mu fara darasi na gaba da amsoshinku.