Tsohon Keken Kakanmu: A Sabunta Ko A Bar Shi?

A zauren gidanmu da ke cikin birnin Zariya, kusa da Ƙofar Doka, akwai wani tsohon keke jingine da bango. Na kakanmu ne, Allah ya jiƙansa. Baƙin Raleigh ne, irin wanda mutanenmu ke ce wa Rali, ƙirar garin Nottingham na Ingila, da tambarin kan zalɓe a goshinsa. Tun kafin a sami mulkin kai a 1960 ya saye shi, kuma a kansa yake kai rigunan da ya ɗinka kasuwa. Bayan rasuwarsa ba wanda ya sake hawa, har tsatsa ta kama shi.

A hutun da ya wuce sai gardama ta tashi a kan keken nan. Yayana ya ce a kai wa mai gyara ya kankare shi tas, ya fesa sabon fenti, ya sake sirdi, don ya riƙa zuwa makaranta da shi. Kakarmu ta dube shi ta ce, “Haba maigidana, in ka shafe wannan fenti, keken wa kuma za ka nuna mini?” Ita dai so take a bar shi yadda mai shi ya bar shi.

Ni da farko bayan kakarmu na bi, sai na tuna da darasin kimiyya. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Mugun halinta shi ne ba ta tsayawa: ɓawonta yakan ɓanɓare, sabon ƙarfe ya fito, shi ma ta ci. Ga damina tana zuwa kowace shekara, ga zaure yana yoyo. Ashe barin keken haka nan ba adanawa ba ne, kisan mummuƙe ne.

To, amma shawarar yayana ma tana da illa. Fentin asali, da siririn zanen ruwan zinariya na jikinsa, da gurbin da hannun kakanmu ya goge a kan keken, duk in aka kankare sun tafi ke nan. Kuɗi na sayen sabon fenti, amma ba sa sayen tsufa.

Da muka kai maganar gaban Baba, sai ya ce mu dubi Masallacin Juma'a da ke kusa da fadar Sarkin Zazzau. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti. Tsofaffin ginshiƙai da bakan gizo na ciki sun tsira a lokacin, aka ci gaba da salla a ƙarƙashinsu, amma tsohuwar siffarsa ta waje sai a hoto. Baba ya ce, “Abin da aka bari ana iya gyara shi gobe, abin da aka rushe kuwa sai labari.”

Daga nan muka tsai da dokoki uku. Na ɗaya, a tsai da tsatsa: muka wanke keken da kananzir, muka goge a hankali, muka shafa mai, muka kai shi ɗakin da ba ya yoyo. Na biyu, a sake abin da dama don ya ƙare aka yi shi, wato taya, da robar birki, da kaca, don kada a jefa rai cikin haɗari. Na uku, kada a taɓa abin da ba ya komowa: fenti, da tambari, da ƙararrawa.

Yanzu yayana yana hawa zuwa makaranta. Ran da ya fara fita ya kaɗa ƙararrawa a ƙofar gida, kakarmu ta share hawaye ta ce muryar tana nan yadda ta san ta.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, in kuna da wani abin gado a gida, ko keke ne, ko littafi, ko tsohon soro, kada ku bar shi ya lalace, kada kuma ku yi gaggawar sabunta shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu gane, amin.