Malam, kafin ka sa wa aikin rukuni maki

Malamin da ke koyarwa ta intanet, ko a Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello Zariya ko a jami'ar NOUN, kada ya auna ƙoƙarin ɗalibi da yawan saƙonnin da ya turo cikin muhawarar aji. Wani ɗalibin yana Dareta a Zamfara, wataƙila sai ya shigo Anka ranar da hanya ta yi lafiya kafin ya sami sabis da wurin cajin waya. A Satumban 2021 ma an katse layukan waya a duk Zamfara na makonni. Saƙo ɗaya mai hujja daga irin wannan ɗalibi ya fi "na yarda da kai" guda goma.

Raba makin gida biyu: na rukuni, da na kowa shi kaɗai. Manhajar Moodle na ba da damar haka. Amma ka yi hattara da tarihin gyare-gyaren Google Docs, sau da yawa mai kwamfuta ne ke buga aikin kowa, sunansa kaɗai za ka gani. Gara ka kira kowane ɗalibi na minti uku, ka tambaye shi ɓangaren da ya ce shi ya yi.

Ɗaliban Gummi da Bukkuyum kuma, in suna da irin wannan matsalar sabis, ba su wa'adin mako guda, ka karɓi saƙon murya ta WhatsApp.