Kafin ka sayi wata kyamarar, ɗana

Ɗana, labari ya iso ni cewa ƙaramar kyamararka ta daina buɗe ido, har ka fara tara kuɗin wata. Allah ya mayar da alheri. Na ga hotunan da kake ɗauka a bakin kogi ranar kasuwar Dole Kaina, da na filin dambe bayan kaka, kuma hannunka yana da kyau. Sai dai ina so ka saurare ni kafin ka kama hanyar Kamba ko ka tsallaka Malanbil da kuɗinka a aljihu.

Abin da kake ɗauka ba ya tsayawa ya jira ka. Mai hoton ango da amarya yana da ikon ya ce su gyara tsayuwa, ya sake, ya kuma sakewa. Kai ba ka da wannan gatan. Basarke ya tsaya a goshin kwalekwale, ya murɗa ƙugu, ya saki birgi. Lokacin da birgin zai baje a sama ya yi da'ira kafin dalmar bakinsa ta ja shi ruwa bai fi ƙiftawar ido ba. Haka ɗan dambe in ya saki hannun da ya ɗaure. Saboda haka tambayarka ta farko ga kowace kyamara ita ce: in na danna, nan take take ɗauka ko sai ta yi shawara? Da yawa daga cikin ƙananan nan masu araha sai sun laluba sun daidaita gani tukuna, kafin nan an yi kaye, 'yan kallo sun cika fili, kai kuma ka samu hoton ƙura.

Mai shago ba da wannan zai fara ba. Zai nuna maka lambar da ke jikin kwali, megafiksel 48, ko ya ce tana jawo abin da ke tsallaken kogi. Ka gaishe shi, ka bar lambar nan a inda take. Akwai waɗanda ba su da sunan kamfanin kirki, an cika musu kwali da manyan lambobi, alhali cikinsu bai kai wayar da ke hannunka ba. Megafiksel 12 ko 20 ya ishe ka ka wanke hoton da za a rataya a zaure.

Ka juya ta ka dubi ɗan faifan da ke samanta. In ka ga harafin S, ko Tv a wajen Canon, to za ta bar ka ka zaɓi saurin ɗauka da kanka. Domin tsayar da naushi ko fantsamar ruwa, kana bukatar kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, ko kusa da haka. Kashi ɗaya cikin 500 ya isa mai gudu ko jirgin inji da ke nufo gaɓa. Tun 1878 wani mai hoto, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori a Kalifoniya ya nuna cewa doki mai sukuwa yakan ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa lokaci guda, kuma a sa'ad da ya tattaro su ƙarƙashin cikinsa ne. Mutane sun shekara dubbai suna kallon doki ba su tantance wannan ba. Irin abin da kake farauta ke nan, abin da ido ya gani bai riƙe ba.

Amma saurin yana da farashi, haske yake ci. A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani sosai, domin ka san lokacin da manyan 'yan wasa ke shiga fili. Da rana tsaka yara ne ke share fage. Sai la'asar ta yi sakaliya, ƙura ta tashi, kalangu ya yi zafi, sannan waɗanda aka zo dominsu suke fitowa, daidai lokacin da haske ke ƙarewa. Kyamarar da farantin karɓar haskenta ƙarami ne, a nan take kasawa: ko hoton ya dishe, ko ya fito da yashi-yashi. Irin Lumix ɗin nan na Panasonic masu jawo nesa ninki 30 suna da daɗi da hantsi, amma in ka jawo har ƙarshe hasken da ke shiga yana raguwa ƙwarai. Masu farantin inci ɗaya sun fi jure wa yamma. Daga cikinsu akwai jerin RX100 da Sony ta fara fitarwa a 2012. Ta biyar, ta 2016, tana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa tana bin mai motsi, kuma idonta yana buɗewa da faɗi, sai dai ba ta jawo nesa sosai. Ta bakwai, ta 2019, tana jawowa daga milimita 24 zuwa 200, tana ɗaukar 20 a daƙiƙa, amma idonta bai kai na ta biyar shan haske ba, ga tsada. In bakin fili kake tsugunawa, ni ta biyar zan zaɓar maka, ko da 'yar Kwatano ce. Kuma duk biyun suna da ɗan tagar leƙawa, wadda za ka gode mata ranar da hasken rana ya hana ka ganin allon baya.

In kuwa burinka Argungu ne, lissafi ya canza. Bikin nan da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, dubban masunta ne ke rugawa kogin Matan Fada lokaci guda da homa da gora, kai kuwa kana can bakin gaɓa cikin turmutsutsu. A nan mai jawo nesa ce ke aiki. Amma biki ne na kwanaki kaɗan, ba kowace shekara ake yinsa ba ma. Kada ka sayi kayan aikin kullum da ma'aunin rana ɗaya.

Sai maganar ruwa da ƙura, waɗanda su ne ajalin yawancin kyamarori a ƙasarmu. Idon da ke fitowa yana komawa, duk fitowarsa yana shaƙar ƙurar hunturu, wata rana ya cije. Idan rabin aikinka a cikin kwalekwale ne, tsakanin nan da Lolo, ka dubi Tough TG-6 ta Olympus, ko TG-7 da ta gaje ta a 2023. An rufe su ruf, suna shiga ruwa har mita 15, kuma suna da tsarin da ke fara adana hotuna tun ka danna rabi, ta yadda ko ka ɗan makara ba ka rasa tashin birgin ba. Aibinsu shi ne farantinsu ƙarami ne, da magariba ta kawo kai sai haƙuri. Babu wadda ta haɗa duka. Ka zauna ka duba hotunanka na bara, ka ga ina ka fi tsayawa, ruwa ko fili.

Kada ka yi mamakin ƙarancin sababbi a kasuwa. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba, waya ta cinye kasuwar. Casio ma ta daina yin ƙananan tun 2018. Don haka mai yiwuwa wadda aka yi amfani da ita za ka samu, kuma ba laifi, muddin ka gwada da hannunka. Ka fita da ita ƙofar shago, ka sa ta a ɗauka a jere, ka bi ɗan acaɓa da ke tahowa, sannan ka buɗe hotunan ka ƙara girmansu ka ga nawa ne suka fito tar. Ka ɗauki farin bango ko sararin sama, in akwai ƙura a ciki za ka ga ɗigo. Ka kunna ka kashe sau da yawa kana sauraron idon, kada ya yi ƙara ko ya yi gardama.

Ka rage kuɗin batir na biyu, domin na waɗannan ƙananan ba ya kai ka yini. Memori kuma ka nemi mai alamar V30 daga hannun wanda ka yarda da shi; jabu sun yi yawa, kuma mai nawa yakan sa kyamara ta tsaya tana haki a daidai lokacin da ake kaye.

Abu ɗaya kuma da bai shafi ciniki ba. Garinmu bakin iyaka ne, Nijar ga ta, Benin ga ta. Kada ka ɗaga kyamara wajen shingen kwastan ko sojoji, na kowace ƙasa, ko da jirgin da kake bi ya ratsa ta gabansu. Ka sauke ta har ku wuce. Matan da ke wanki a gaɓa kuma ba a ɗaukarsu sai da izini. 'Yan wasan da ka ɗauka, ka tura musu hotonsu, su ne za su sa a matsa maka wuri a gaba wani karon. In ka tsai da wadda za ka saya, ka biyo ta gida da ita kafin wa'adin mayarwa ya wuce, mu gwada ta a kan yaran da ke ƙwallo da yamma.