Jijiyoyin Wuya: Wa Ya Kamata A Duba?

A wuyan kowane mutum akwai manyan jijiyoyi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa. Idan shekaru suka ja, kitse yakan taru cikinsu har hanyar ta ƙuntata. In gutsuren kitsen nan ko gudan jini ya ɓalle ya toshe wata ƙaramar jijiya cikin ƙwaƙwalwa, sai mutum ya sami shanyewar ɓarin jiki.

Likitoci suna da na'urar duba jijiyoyin nan, irin wadda ake duba cikin mai juna biyu da ita. Ɗora ta ake yi bisa wuya, babu allura, babu yanka.

To, me ya hana a duba kowa?

Kwamitin masana rigakafi na ƙasar Amurka ya auna wannan magana a 2007 da 2014 da kuma 2021. Kowane karo shawararsa ɗaya ce, wato kada a riƙa duba jama'ar da ba su taɓa nuna wata alama ba. Dalili kuwa shi ne, mummunan ƙuncin jijiya bai cika wuce mutum 1 cikin 100 ba. Na'urar kuma takan yi kuskure, ta nuna ƙunci inda babu shi, har a kai mai lafiya ga aikin tiyata. Shi kuwa aikin buɗe jijiyar, wani lokaci yakan jawo shanyewar da ake gudu. Garin neman gira, kada a rasa ido.

Wanda bai kamata ya jira ba

Duk wanda hannunsa ko ƙafarsa ta mutu farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, ko harshensa ya sarƙe, ko idonsa ɗaya ya rufe da duhu, a garzaya da shi asibiti nan take. Ko da abin ya wuce bayan 'yan mintoci, kada a ce iska ce ta buge shi. Gargaɗi ne, kuma irin wannan mutum shi ne dubawar take yi wa amfani ƙwarai.

Abin da ya wajaba a kan kowa

A riƙa auna hawan jini da sukari. Wanda likita ya ɗora bisa magani, kada ya daina don ya ji sauƙi. A bar shan taba, a rage gishiri da maiƙo, a riƙa motsa jiki.

Jama'a, rigakafi ya fi magani.