Mota ta mutu a hanya: mu bi sawun wuta



Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne, ta Bonkuku da Balayara. Wanda ya yi arewa kuma, sai Tukunus da Abala. Tsakanin gari da gari daji ne, ba gareji, ba makanike. In mota ta mutu a nan, mai kai awaki Balayara ranar Lahadi ya rasa kasuwa. Mai naƙuda da za a kai likita kuwa, ranta na cikin haɗari.

Da mota ta ƙi tashi, sai mutane su ce batir ne, a aika a sayo sabo da kuɗi mai yawa. Sau da yawa kuwa batir ba shi da laifi. Wutar mota tana da hanyarta. Wanda ya bi sawunta daki-daki, shi ke gano inda ta tsaya.

Rumbu da gona

Batir kamar rumbu yake, ajiyar wuta ke ciki. Dinamo kamar gona take, ita ke cika rumbu in inji na tafiya. Igiyar roba ce ke juya ta, wadda makanikai ke kira kurwa. Demarer shi ke ɗibar wuta daga batir ya juya inji. A motar esansi, bobin na ƙara wa wuta ƙarfi, ta kai ga buji, buji ya kunna mai.

Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, dole ya ƙare. To, motar da ke tafiya lafiya, fitilunta suka fara dushewa, sannan ta mutu, mu fara tuhumar dinamo da kurwa. Ko an sa sabon batir, shi ma zai ƙare a hanya.

Kafin a taɓa komi

A tura mota gefen hanya. A ja birki, a sa dutse bayan taya, a fitar da ita daga bitas. A duba ko akwai mai a tanki. Mai shan taba ya yi nisa, domin batir na fitar da wata iska mai kama wuta.

Sannan a murɗa makulli, a kasa kunne, a dubi ƙananan fitilun gaban direba. Abu uku ne, ɗaya zai faru.

1. Shiru, ba fitila, ba ƙara

Wuta ba ta fita daga batir ke nan. A buɗe murfin inji, a dubi kawunan batir guda biyu. Ɗaya na da alamar +, ɗaya na da alamar −. A girgiza kowace waya da hannu. In ta motsa, an kama ɓarawo. Gargadar hanya ce ke kwance su.

In an ga farin gari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kai, shi ke tare wuta. A kwance wayar − da farko, sannan ta +. A jiƙa kanwa da ruwa, a goge kawunan da tsumma, a kankare har ƙarfe ya yi haske. Kada ɗigo ko ɗaya ya shiga cikin batir, domin kanwa na kashe ruwan batir. Wajen mayarwa, a fara da +, a ƙare da −, a ɗaure tam.

A bi wayar − har inda aka ɗaure ta a jikin mota. Nan ma tsatsa na tare wuta, kuma mutane kan manta da wurin.

2. Ana jin ƙas-ƙas, inji bai juya ba

A kunna manyan fitilu, wani ya tsaya gaba yana kallo, a sake murɗa makulli. In fitilu sun dushe ƙwarai, kuma kawunan batir na da tsabta, batir ne ya yi sanyi. In haskensu bai rage ba, batir na da ƙarfi, ciwon na wajen demarer ko wayarsa. Wani lokaci in an ɗan ƙwanƙwasa jikin demarer da itace, yakan kama. Wannan dabarar isa gari ce, ba gyara ba.

In batir ne, ana iya tura mota. A buɗe makulli, a sa bitas ta biyu, a taka kuloci. In ta ɗauki gudu, a saki. Mota mai canja bitas da kanta ba ta tashi da turi. Ana kuma iya aron wuta daga wata mota: + da +, wayar − kuma a maƙala ta a ƙarfen inji, nesa da batir. Ƙananan motoci bolt 12 gare su, manya da yawa kuwa 24. Kada a haɗa 12 da 24.

In ta tashi, a dubi jar fitila mai hoton batir. In ba ta mutu ba, dinamo ba ta zuba wuta. A kashe inji, a duba kurwa. In ta saki, a ɗaure. In ta tsinke, kada a ci gaba, domin a motoci da yawa ita ce kuma ke juya famfon ruwa. Tafiya babu ita na ƙone inji.

3. Inji na juyawa, amma bai kama ba

Nan batir da demarer sun fita zargi. Kada a yi ta murɗawa. A ƙirga zuwa 10, a saki makulli, a huta. In ba haka ba, batir mai lafiya ma zai ƙare.

A duba fizibil. Su ne masu gadin wayoyi. In wuta ta yi yawa, siririyar wayar cikinsu ta tsinke don kada mota ta ƙone. Kowane na da lamba. Irin na roba masu ƙafa biyu, 10 ja ne, 15 shuɗi, 20 rawaya. A maye wanda ya tsinke da mai lamba irin tasa. Kada a ɗaura waya ko takardar kwalin sigari a wurinsa. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi. In sabon ma ya tsinke, wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe. A nemo ta, a naɗe da roba.

Motocin esansi na yanzu famfon mansu da wuta yake aiki. In an buɗe makulli, akan ji ɗan gurnani daga wajen tanki, sannan ya yi shiru. In ba a ji ba, a duba fizibil ɗinsa.

Sai wutar buji. A zare waya ɗaya, a sa mata wani buji, a ɗora ƙarfensa a jikin inji. A danne da busasshen itace, ba da hannu ba, kuma nesa da mai. Wani ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi, wuta lafiya. In babu, a duba wayoyin bobin. Da damina, a share su da busasshen tsumma. Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi in ta huce, sau da yawa bobin ne ya gaji.

Motar gazuwal ba ta da irin wannan buji. A tsofaffinsu akwai ƴar waya da ke zuwa famfon gazuwal. In ta zare, mai ba ya wucewa.

Rigakafi ya fi magani

Zafin bazara na shanye ruwan batir. In batir mai murafu ne, a duba shi kowane wata. A ƙara ruwan da ake sayarwa don batir kaɗai. Ruwan rijiyoyin Dallol Boso ba ya yi, saboda kanwa da gishiri. In ruwan batir ya taɓa ido ko jiki, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

A gari, a sa makanike ya auna. Cikakken batir na nuna wajen 12,6. In inji na tafiya, tsakanin 13,5 da 14,5. Kowace mota ta riƙe fizibil, kurwa, sifana, tocila da ruwan sha. Fasinja ma na da ikon tambayar direba kafin a tashi. Mai tambaya ba ya ɓata.

Mu tattauna a makaranta

1. Me ya sa aka kwatanta batir da rumbu?
2. Wace waya ake fara kwancewa, + ko −?
3. Mota ta taso daga Filinge za ta Yamai, ta mutu bayan kilomita 65. Kilomita nawa suka rage?
4. Kowa ya rubuta kaya biyar da ya kamata a samu cikin mota.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa direban garinsu da yaron motarsa. Allah ya kiyaye hanya.